Masu Tsayar da Ƙaton Ƙarfe a Kan Takarda

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Madarunfa, kara ya bushe a gonaki, sai sana'ar yara ta kankama. Yaro zai zaɓo karan dawa miƙaƙƙe, ya fere bayansa da reza, ya tsattsaga ɓawon siri-siri ya mayar da shi ƙusoshi, totuwar ciki kuwa ita ce katakonsa. Taya daga tsohon silifas ake yanko ta. Kafin la'asar ya haɗa tirela sukutum, har da madubi da wurin zaman yaron mota, irin waɗanda yake gani suna wucewa a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Ya kalli ta wansa, ya kalli ta gaske, ya haɗa ta karye, ya sake haɗawa.

A cikin irin waɗannan yara akan sami wanda ko ya shiga lakwal hannunsa ba ya hutawa. Ya ajiye kara ya kama bik, shafukan ƙarshe na littafin rubutunsa duk sun cika da zane. Da can mota ce da jirgi da doki. Yanzu da fina-finai suka shigo cikin waya, sai ga wani baƙo ya mamaye shafukan: ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai faɗin kafaɗa, igwa a hannu, matuƙi zaune cikin ƙirjinsa. Malam ya gani ya ce shirme, uba ya gani ya ce ɓarnar takarda. Alhali kuwa abin sana'a ce mai ƙa'idoji, akwai mutanen da suka tsufa suna cin abinci da ita, kuma wahalarta ta wuce yadda mai kallo ke zato.

Inda abin ya samo asali

Daga Japan ƙattan suka fito. A 1956 Mitsuteru Yokoyama, ɗan birnin Kobe wanda ya ga kufan da jiragen yaƙin Amurka suka mayar da garinsu, ya fara zana labarin Tetsujin 28, wani ƙaton ƙarfe da yaro ke sarrafawa daga nesa da ɗan akwati a hannu. A 1972 Go Nagai ya fito da Mazinger Z, ya ɗauki matuƙin ya zaunar da shi a cikin kan ƙaton. Shi da bakinsa ya ce cunkoson motoci ne ya kawo masa dabarar: yana kallon direbobi sun maƙale, sai ya raya a ransa cewa kowannensu na fatan motarsa ta fito da ƙafafu ta tsallake na gabanta. Wani ƙaton nasa, Grendizer na 1975, shi ne ya shiga talabijin ɗin Faransa a 1978 da sunan Goldorak, ƙasashen Larabawa ma suka karɓe shi hannu biyu. A 1979 kuma aka fara Gundam na Yoshiyuki Tomino, wanda ya mayar da ƙaton kayan yaƙi zalla: yana lalacewa, harsashinsa na ƙarewa, bakanike na kwana a kansa. Wanda ya tsara siffarsa shi ne Kunio Okawara, mutumin da ake ɗauka a matsayin na farko da ya mayar da tsara injina na fim sana'a mai zaman kanta.

Abin lura shi ne Yokoyama da Nagai ba su yi makarantar zane ba. Yokoyama har aikin banki ya taɓa bayan gama sakandare. Nagai kuwa yaron shago ya yi wa babban mai zane Shotaro Ishinomori kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ke nan mai koya wa kansa a Madarunfa yana kan turbar da iyayen gidan sana'ar suka bi.

Nauyi ne farkon darasi

Kowa na iya zana mutum ya lulluɓe shi da akwatuna ya ce ga ƙato. Wanda ya iya, shi ne wanda in ka dubi zanensa za ka ji a jikinka cewa abin nan in ya taka ƙasa sai ta girgiza. Kafin a kai nan sai an san lissafin da Galileo ya bayyana tun 1638. Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.8 da nauyin kilo 70, ka ninka shi sau 10 ta kowace fuska ya kai mita 18, wato tsawon Gundam na farko. Filin da tafin ƙafarsa ke mamayewa a ƙasa zai ninka sau 100, amma nauyinsa sau 1,000 zai ninka, ya koma tan 70. Kowane ɗan yanki na tafin ƙafar zai ɗauki ninki 10 na abin da ya saba ɗauka. Shi ya sa lokacin da injiniyoyi suka gina Gundam mai motsi a Yokohama, wanda aka nuna daga Disamban 2020 zuwa Maris na 2024, duk da sun rage nauyinsa zuwa kimanin tan 25, sai da suka tallafe shi ta ƙugu da wani ƙaton ƙarfe daga baya. Bai taɓa yin taku ɗaya a kan ƙafarsa shi kaɗai ba.

Mai zane ya san ƙarya yake shiryawa, aikinsa shi ne ya shirya ta yadda ido zai gaskata. Don haka yakan faɗaɗa tafin ƙafa, ya kumbura ƙwauri ta ƙasa, ya raba tafin gida biyu ko uku domin ya iya lanƙwasa lokacin taku. Duk wanda ya taɓa ganin jaki da raƙumi sun ratsa yashin Gulbin Maraɗi da rani ya san dalili: kofaton jaki nutsewa yake yi, tafin raƙumi kuwa bajewa yake a saman yashi. Sannan akwai gwajin da gwanaye ba sa tsallakewa. Za a saki miƙaƙƙen layi daga gindin wuyan ƙaton zuwa ƙasa. In layin ya sauka tsakanin ƙafafu, ko a kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi, ƙato ya tsaya. In ya sauka a waje, ko yaro ƙarami zai ga kamar abin faɗuwa zai yi, ko da ba zai iya faɗin abin da ya sa ba.

Gwiwa ita ke tona asiri

In kana son ka auna mai wannan zane, kada ka dubi bindigar, dubi gwiwa. A nan ne wanda ya kwaikwaya kawai yake rabuwa da wanda ya fahimta.

Ga yadda gwani ke bi da ita. Zai fara da akwati biyu masu tsawo, ɗaya cinya ɗaya ƙwauri, da layi mara nauyi wanda da ƙyar ake gani. A mahaɗarsu ya zana da'ira, ita ce sandar da ƙafar za ta riƙa juyawa a kanta. Daga nan sai ya tambayi kansa: in ƙaton nan zai durƙusa, ina ƙarfen bayan ƙwauri zai shiga? In bai bar masa wuri ba, ƙarfe zai daki ƙarfe tun ƙafar ba ta kai rabin lanƙwasa ba. Sai ya zaftare bayan cinya, ko ya sa da'ira biyu maimakon ɗaya, ya haɗa su da gajeren ƙarfe, yadda ƙafar za ta naɗe gaba ɗaya. To amma da ta naɗe, gaba zai buɗe, kayan ciki su fito fili inda harsashi zai same su. Sai ya ɗora faranti a kan ƙoƙon gwiwa, wanda ke zamewa ya rufe gurbin. A bayan gwiwa ya kafa fistin, kai ɗaya a jikin cinya, ɗaya a jikin ƙwauri, kuma ya tuna cewa in ƙafa ta miƙe sandar fistin fitowa take yi tana sheƙi, in ta lanƙwashe ta koma ciki. Ƙarshe ya ja tiyon mai, ya bar masa ɗan sassauci, domin tiyon da aka ɗaure tam zai tsinke a takun farko. Duk wannan tunani a kan wurin da bai fi faɗin babban yatsa ba a takarda.

Ina mai koya wa kansa zai ga irin wannan? Ai makarantar a buɗe take. Ya tsaya ya kalli tifa tana juye yashi, ya ga yadda fistin ɗinta ke fitowa gaɓa-gaɓa. Ya kalli hannun katafila duk inda ake aikin hanya, ya ƙirga mahaɗansa, ya lura da inda giris ke taruwa ya yi baƙi. Ya tsuguna gefen mai gyaran babur ya ga yadda sifirin ke naɗe da sandarsa, da yadda sarƙa ke hawa haƙoran ƙarfe. Ya leƙa injinan ban-ruwa a fadamun Jiratawa, ya duba lagireton mota ya gane cewa duk injin da ke aiki yana zafi, duk mai zafi kuma sai an bar masa kafar shan iska. Wanda ya cika littafi guda da zanen waɗannan, ranar da ya koma kan ƙatonsa hannunsa ba zai ƙara zana noti a inda babu abin ɗaurewa ba. A Japan ma maƙeri ne, Kogoro Kurata, ya ƙera Kuratas a 2012, inji mai tsawon kimanin mita 4 da mutum ke shiga ciki ya tuƙa, kuma da ya zo kan maganar tafiya, tayoyi ya sa wa ƙafafunsa huɗu.

Yadda ake sa ido ya ga girma

Takarda ba ta wuce taki ɗaya da rabi ba, amma ana son mai kallo ya ji abin ya fi kuka tsawo. Dabarar farko ita ce a rage kai. Tsawon mutum yakan kai kansa bakwai da rabi. In aka ƙanƙance kan ƙato har jikinsa ya kai kai tara ko goma, nan take sai ya yi girma a ido. Ta biyu ita ce a saukar da mai kallo ƙasa: a ja layin da sama ta haɗu da ƙasa a daidai idon sawun ƙaton, layukan jikinsa su riƙa tsukewa yayin da suke hawa, ƙafa ta yi ɗibgegiya, kai ya yi nisa. Ta uku ita ce a ajiye abin da kowa ya san girmansa: tsani a jikin cinya, ƙofar da mutum zai shiga, mai amalanke yana wucewa ta tsakanin ƙafafu, bishiyar gawo da ba ta kai ƙugu ba. Ta huɗu kuwa hunturu ne ke koyar da ita. Ranar da hazo ya sauka a kan tafkin Madarunfa, itatuwan kusa baƙaƙe ne ƙirin, na tsallake kuwa sun koɗe. Haka mai zane zai danna bik a ƙafafu ya sassauta hannu a kafaɗu da kai, sai saman ƙaton ya shige cikin iska.

Shi bik ɗin nan da ake rainawa yana da tarbiyyar da fensir ba shi da ita. Ba ya goguwa. Dole mai shi ya koyi fara layi a hankali, ya yi tunani kafin ya danna, in kuskure ya auku ya san yadda zai mayar da shi inuwa ko tabon yaƙi. Kuskuren da ya fi kama sabon hannu shi ne cika jiki da tarkace, ko'ina layi, ko'ina ƙusa. Gwani yakan tara ƙananan abubuwa a mahaɗai, wuya da kafaɗa da ƙugu da gwiwa, ya bar manyan faranti fili domin ido ya sami wurin hutawa.

Kafin duk wannan ma akwai matakin da ba a cika nunawa ba. Mai tsara ƙato yakan cika shafi da ƙananan siffofi, kowace ba ta fi kwalin ashana ba, ya shafe su baƙi ƙirin ba tare da ido ko baki ba. Wadda aka gane ta daga inuwarta kaɗai, ita ce za ta rayu. Bayan an zaɓa sai a zana ta tsaye ta fuska uku, gaba da gefe da baya, kafaɗa a layi ɗaya, gwiwa a layi ɗaya, yadda wani daban zai ɗauki takardar ya zana ƙaton yana gudu ko yana faɗuwa ba tare da ya tambayi mai shi komai ba. A kamfanonin fim na Japan wannan takarda ce ake raba wa masu zanen motsi, da irinta kuma aka fara ƙera ƙananan Gundam na roba da kamfanin Bandai ya soma sayarwa a 1980.

Ƙaton da ya san gidansu

Koyo da kwaikwayo yake farawa, kuma babu laifi yaro ya zana Optimus Prime na Transformers sau ɗari, ko ƙattan fim ɗin Pacific Rim na 2013, ko rundunar mutum-mutumin Chitti da ta haɗu ta zama ƙato guda a fim ɗin Indiya na Rajinikanth na 2010. Amma manyan sana'ar ba daga fim suka ɗebo siffofinsu ba. Okawara daga kayan yaƙin mayaƙan samurai na ƙasarsu ya samo surar Gundam. Shoji Kawamori kuma jirgin yaƙin Amurka F-14 ya zuba wa ido, ya fitar da Valkyrie na Macross a 1982, jirgin da ke naɗewa ya miƙe tsaye da hannu da ƙafa. Kowa abin da ke gabansa ya kalla.

To me ke gaban ɗan ƙasar Katsinar Maraɗi? Ƙasar da Ɗan Kasawa ya kafa, Ɗan Baskore ya yi ta kai hari daga cikinta a ƙarni na 19, ai ba baƙuwar kayan yaƙi ba ce. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, Hausawa suka san lifidi da kwalkwali da sulke. Ɗan lifida shi ne ƙaton ƙarfen zamaninsa: mutum da doki an lulluɓe su da bargo mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke gida-gida, kai cikin kwalkwali mai gashin jimina, ana tura su gaba su fasa sahun abokan gaba. Matsalolinsu ma irin na ƙaton takarda ne: nauyi, zafi, da wuyar tashi in an faɗi. Masu ɗinkin lifidi sun san inda za su kaurara da inda za su bar sarari domin ƙafar doki ta motsa, wato tambayar gwiwar nan ce suka amsa da allura da zare. Mai zane da ya je hawan salla da littafinsa zai dawo da abin da babu shi a Tokyo: ɗinkin lifidi mai murabba'ai ja da fari da baƙi a matsayin farantin kariya, faffaɗar likkafa a matsayin tafin ƙafa, naɗin rawani da amawali a matsayin rufin fuska, aska takwas ta babbar riga a ƙirji, dagi a kan garkuwa.

Waɗanda suka riga shi

Nijar ta taɓa haifar irin wannan hannu. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, bakanike ne tun farko, kuma shi ya koya wa kansa zane. Tun yana saurayi yake yanka siffofi yana haska su da fitila, jama'a na kallon inuwarsu. Daga baya ya yi aiki da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, ya fitar da La Mort de Gandji a 1965 da Bon voyage Sim a 1966, fina-finan zane da suka sa ake ƙirga shi cikin magabatan wannan fanni a Afirka. Kwaɗi ne jarumansa, har kokawar gargajiya ya sa suka yi a fim ɗinsa Kokoa. Ya zauna a Tawa yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi. A Kano kuma, a 2022, duniya ta ga Isah Auwal Barde, matashi ɗan shekara 17, da mutum-mutumin da ya shafe shekara biyu yana haɗawa da kwali da bututu da wayar tagulla da ƙananan injina, wanda ke kwaikwayon motsin mai sarrafa shi.

Na yau ya fi su samun sauƙi ta wani gefen. Darussan zane sun cika YouTube, ana zane da yatsa a waya da ibisPaint, manhajar Blender da ake gina siffa mai gaba da baya da ita a kwamfuta kyauta ce. Sai dai kuɗin intanet da ɗaukewar wuta suna nan, kuma babu manhajar da za ta kalli katafila a madadin mutum. Akwai ma iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen duk abin da ya yi kama da mai rai. Wannan magana ce ta malamai, amma fagen yana da faɗi: akwai ƙatta masu taya, masu ƙafa shida, da waɗanda ba su da fuska ko kaɗan.

Ko da yaron bai taɓa sayar da zanen ƙato ko ɗaya ba, bai yi asara ba. Wanda ya iya zana abu ta gaba da gefe da baya da awo daidai, ya san inda nauyi ke sauka, ya san abin da zai daki wani in ya motsa, ya riga ya riƙe ginshiƙin zanen injiniyoyi, irin wanda zai tarar in Allah ya kai shi makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi. In bai kai can ba, da wannan hannun ne ake tsara amalanken da ba ya karya wuyan sa, da injin ɓarar gyaɗa, da ƙofar ƙarfe mai zamewa. Mai walda ba ya tambayar inda ka yi karatu. Takardar yake dubawa, in awo ya yi daidai ya kunna wuta.